Suma a Cikin Jirgin Sama

Darasinmu na yau a kan lafiyar matafiyi ne. Kowace shekara mutanenmu na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe su kan tafi aikin hajji. Wasu manoma ne, wasu makiyaya, wasu 'yan kasuwa. Akwai wanda ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗin kujera. Ya sayar da albasa ya ajiye, ya sayar da shinkafa ya ajiye, har ya kai ga sayar da bijiminsa. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa shiga jirgin sama ba sai ran tafiya.

In alhazai suka komo, mu kan ji labari iri iri. Wani lokaci a kan ce, "Ai wane ya suma a cikin jirgi." Sai a yi ta gardama a dandali. Wani ya ce iska ce ta taɓa shi. Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce raki ne kawai. To, yau za mu ga abin da likitoci suka gano game da wannan al'amari. Za mu ga abin da ke kawo suma, da yadda za mu tsare kanmu, da abin da za mu yi in na kusa da mu ya suma. Mu karanta a hankali, gama watakila baɗi mu ne a cikin jirgin, ko iyayenmu.

1. Tafiya da da yanzu

Kakanninmu a ƙasa su ke zuwa Makka. Su kan bi ta Kano da Barno, su ratsa ƙasar Cadi da Sudan, har su kai bakin Bahar Maliya, sa'an nan su haye a jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya kan yi shekaru a hanya, yana tsayawa yana ƙwadago don ya sami guzuri. Wasu ba su komo ba har abada.

Jiragen sama sun fara sauka Kano a shekarar 1925. Bayan 1950 alhazai suka yi ta hawa jirgi daga Kano. Yau kuwa ba sai mun je Kano ba. Mutumin Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna, da mutumin Kuchi ko Girkau ko Ungushi, duk mota za su shiga zuwa Sakkwato. Can akwai filin jirgin sama mai sunan Sarkin Musulmi Abubakar na 3. Daga nan zuwa Jidda ya fi kilomita 3,500, amma jirgi ya kan ci wannan nisa cikin awa 5 ko fiye kaɗan.

Wannan sauƙi ne babba, mun gode Allah. Amma kowace tafiya da irin wahalarta. Ta ƙasa tana gajiyar da ƙafa. Ta sama kuwa tana gwada zuciya da jini.

A shekarar 2013 wasu likitoci a Amurka suka ba da sakamakon wani bincike. Sun duba rashin lafiya 11,920 da ya auku cikin jiragen kamfani 5. Suka ga cikin kowane tashi 604, a kan sami guda wanda wani ya kamu da rashin lafiya har aka nemi shawarar likita. Abin da ya fi yawa shi ne suma ko jin kamar za a suma, watau kashi 37 cikin 100. Waɗanda suka rasu kuwa 3 ne kacal cikin kowane 1,000 na marasa lafiyan. Ashe suma a jirgi ba baƙon abu ba ne. Yana samun Bature, yana samun Balarabe, yana samun Bahaushe. Yawancin waɗanda suka suma kuma su kan farfaɗo lafiya lau.

2. Mene ne suma?

Duk mun san noman rani. Ga ruwa a rijiyar fadama, ga injin ban-ruwa, ga tiyo, ga fangali can a kan tudu. In inji yana aiki sosai, ruwa ya kan hau har fangalin da ya fi kowane tsayi. In ruwan rijiya ya ja baya, ko inji ya rage ƙarfi, wane fangali ne zai fara bushewa? Na kan tudu mana.

Haka jikin mutum ya ke. Zuciya ita ce inji. Jini shi ne ruwa. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Ƙwaƙwalwa ita ce fangalin kan tudu, domin tana can sama da kome. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, tana tura jinin nan ko'ina. Jini shi ke kai wa ƙwaƙwalwa abinci, da wani sashi na iska wanda a ke kira oksijin, wanda ba a rayuwa sai da shi.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Ba ta ajiye abinci don gobe. In jini ya daina isa gare ta, ko na daƙiƙa 10 ne, sai ta tsaya da aiki. Sai mutum ya daina gani, ya daina ji, jikinsa ya saki, ya faɗi. Wannan shi ne suma.

Da mutum ya kwanta ƙasa, kansa da zuciyarsa sun zama daidai. Jini ba ya hawan tudu kuma. Sai ya koma ƙwaƙwalwa da sauƙi, mutum ya buɗe ido. Yawanci ba ya wuce minti 1 ko 2. Mu riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen darasinmu: kwanciya ita ce maganin farko na wanda ya suma.

Mun saba ganin suma a gida. Ɗan makaranta ya kan daɗe tsaye a rana wajen fareti, ya yanke jiki ya faɗi. Wani ƙato ya kan ga jini wajen wanzami, ya zube. Abin da ke faruwa shi ne, tsoro ko zafin ciwo ko doguwar tsayuwa su kan sa zuciya ta rage bugu, jijiyoyin jini kuma su saki. Sai jini ya taru a ƙafafu. Irin wannan suma ita ta fi yawa a cikin jirgi.

Suma dabam, farfaɗiya dabam. Mai farfaɗiya ya kan sandare, ya yi ta fizge-fizge, ya kan ciji harshe, in ya tashi kuma ya kan daɗe bai san inda ya ke ba. Wanda ya suma ya kan ɗan motsa hannu ko ƙafa kaɗan, amma da ya farfaɗo sai hankalinsa ya komo nan da nan.

3. Iskar cikin jirgi

Babban jirgi ya kan tashi sama kamar ƙafa 35,000. Can iska ba ta da kauri, ga sanyi mai tsanani, mutum ba ya iya rayuwa a waje. Saboda haka an rufe jirgi ruf, ana cusa iska a cikinsa da na'ura. Amma iskar ba ta kai kaurin ta ƙasa ba. Daidai ta ke da iskar kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000.

Mu kwatanta. Ƙasarmu ta Sakkwato tana bisa teku da kamar ƙafa 1,000. Garin Jos, wanda mu ke ji ana cewa yana kan tudu, yana wajen ƙafa 4,000. Ashe wanda ya shiga jirgi kamar an ɗauke shi ne daga fadamar Kebbe, cikin rabin awa, an ɗora shi kan dutsen da ya fi tudun Jos nesa.

A irin wannan wuri, kowane numfashi oksijin da ya ke kawowa ya ragu. Mai lafiya ba ya ko lura. Zuciyarsa ta kan ƙara bugu kaɗan, shi ke nan. Amma tsoho, da mai ƙarancin jini, da mai ciwon zuciya ko na huhu, su kan ji a jikinsu.

Abu na biyu, iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, kamar ta tsakiyar hunturu ko fiye. Mun san yadda hunturu ke busar da leɓe da hanci. Haka iskar jirgi ke shan ruwan jikin mutum a hankali, ba tare da ya yi gumi ba.

Abu na uku, iskar da ke cikin cikin mutum ta kan kumbura in jirgi ya hau sama. Wanda ya cika ciki da wake ko lemon kwalba ya kan ji ciki ya ɗaure masa. Murɗar ciki ita ma tana iya jawo jiri.

Duk da haka, ba iskar jirgi kaɗai ke kada mutum ba. Mutum 400 ko 500 su kan shiga jirgi guda, su shaƙi iska guda, amma ɗaya ne ko biyu za su suma, ko ma babu. Me ya sa? Domin yawanci suman jirgi tun daga ƙasa ya ke farawa.

4. Abubuwan da mu ke jawo wa kanmu

Mu ɗauki misalin wani dattijo maniyyaci daga wani ƙauye na Kebbe. Kwana 3 kafin tafiya gidansa cike ya ke da 'yan sallama. Bai yi barcin kirki ba. Ran tafiya ya yi asubanci, ya sha rana a mota har Sakkwato. A sansanin alhazai ya yi jira, ya bi layi, ya tsaya, ya zauna. Ɗoki ya hana shi cin abinci. Da aka ce a shiga jirgi, ya riga ya gaji tilis. Ga abubuwan da suka taru a kansa.

Na farko, ƙishirwa. Wannan ita ce babba. Mutanenmu da yawa su kan ƙi shan ruwa da gangan. Wani yana tsoron kada fitsari ya kama shi, bai san inda makewayin jirgi ya ke ba. Wata tana jin kunyar ta tashi a gaban maza. Wani ba ya so alwalarsa ta karye. Sai mutum ya wuni bai sa ruwa a baki ba. To, jini yawancinsa ruwa ne. In ruwan jiki ya ragu, jini ya ragu. Rijiya ta ja baya ke nan. Hausawa sun ce, sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Kowane jirgin alhazai yana da makewayi, wasu a gaba, wasu a tsakiya, wasu a baya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa da sakata. In an gama, a kan danna wani maɓalli, sai a ji ƙara mai ƙarfi. Ba abin tsoro ba ne, iska ce ke janye ƙazanta. Wanda bai gane ba ya tambayi ma'aikatan jirgi, ko wani alhaji da ya taɓa zuwa. Matambayi ba ya ɓata. Zancen alwala da sallar matafiyi kuwa, mu tambayi malaman bita tun muna gida, za su yi mana bayani.

Na biyu, yunwa. Wani ya kan ga abincin jirgi baƙo ne, ya ture. In ciki ba kome, sukarin da ke cikin jini ya kan ragu, jiki ya yi rawa, ido ya yi duhu. Masu zuwa umra cikin watan azumi su tuna, shari'a ta yarje wa matafiyi ya sha azumi ya rama daga baya. Wanda ya san jikinsa ba ƙarfi, ya yi shawara da malami da likita kafin ya tashi.

Na uku, rashin barci da gajiya. Jikin da ya gaji ba ya iya gyara kansa da sauri.

Na huɗu, tsoro. In jirgi zai tashi ya kan yi ruri, ya sheƙa a guje, ya ɗaga kai sama. Wani lokaci a sararin sama ya kan yi girgiza, kamar mota a kan hanya mai gargada. Wanda bai saba ba gabansa ya kan faɗi, ya yi ta numfashi sama sama da sauri. Irin wannan numfashi ya kan sa jiri, yatsu da leɓe su yi tsami, har ya kai ga suma. Maganinsa shi ne a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali, ana ambaton Allah.

Na biyar, dogon zama da tashi farat ɗaya. In mutum ya daɗe zaune ƙafafu a ƙasa ba motsi, jini ya kan taru a ƙafa. In ya miƙe zumbur, jini kamar rabin lita ya kan gangara ƙasa, kafin zuciya ta farga ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Shi ya sa sau da yawa a kan sami mutum ya faɗi a kan hanyar makewayi, musamman wanda ya farka daga barci ya tashi nan take.

Na shida, magunguna. Maganin hawan jini, da maganin da ke sa yawan fitsari, da ƙwayar barci, duk suna iya sa jiri in mutum bai ci ba bai sha ba. Kada mu karɓi ƙwaya daga hannun abokin tafiya don wai ta hana tsoro ko amai. Abin da ya yi wa wani daidai yana iya kada wani.

5. Ciwon da ke ɓoye

Wani suman kuma ba na yunwa ko ƙishirwa ba ne. Alama ce ta ciwon da ke cikin jiki tun da.

Akwai ƙarancin jini. Wannan ya yi yawa a ƙauyukanmu, saboda zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da haihuwa a kai a kai, da rashin abinci mai gina jiki. Mai ƙarancin jini in ka duba cikin fatar idonsa da tafin hannunsa za ka ga sun yi fari. Jininsa ba ya ɗaukar oksijin sosai ko a ƙasa, balle a sama.

Akwai amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Ƙarancin oksijin da ƙishirwa da sanyi su ne manyan abubuwan da ke tayar da shi, ga su kuwa duk a cikin jirgi. Mai sikila lalle ya ga likita kafin ya hau.

Akwai ciwon sukari. Wanda ya sha maganinsa ko ya yi allurarsa, sa'an nan bai ci abinci ba, sukarinsa ya kan faɗi ƙasa. Sai ya yi gumi, ya rikice, ya fita hayyacinsa. Irin wannan ba ya farfaɗowa don an kwantar da shi kawai, sai an mayar masa da sukari.

Akwai ciwon zuciya. In zuciya ta rikice da bugu, mutum ya kan faɗi ba tare da wata alama ba, ko yana zaune. Wannan shi ne mai haɗari ƙwarai.

Akwai kuma daskarewar jini a ƙafa. Zaman da ya wuce awa 4 ba motsi yana iya sa jini ya yi guda a cikin jijiyar ƙafa. Ƙafa guda ta kumbura, ta yi zafi. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya kan sarƙe, mutum ya faɗi. Wannan yana iya aukuwa ko bayan an sauka da kwanaki.

Saboda irin waɗannan ne Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Sakkwato su ke sa a auna lafiyar maniyyata kafin tafiya. Mace mai ciki ba a barinta ta tafi. Wasu mutane su kan ɓoye ciwonsu ran awo, don kada a hana su kujera. Mun san abin da ke ransu. Mutum ya tara kuɗi da gumin goshinsa, yana begen ganin Ka'aba. Amma mu tuna, yawancin masu hawan jini da masu ciwon sukari ba a hana su tafiya. Gyara musu magani a ke yi, a ba su shawara. Wanda ya ɓoye ciwonsa kuwa, in ya faɗi a jirgi, ba wanda ya san ta inda za a taimake shi.

6. Jiki magayi

Suma ba ta cika zuwa ba sallama ba. Ga alamunta. Mutum ya kan ji jiri. Ya ji zafi ya taso masa, gumi mai sanyi ya karyo. Zuciya ta tashi kamar zai yi amai. Ya yi ta hamma. Ido ya ga dishi-dishi, sa'an nan duhu. Kunne ya yi shuu, maganar mutane ta yi nisa.

In mun ji haka, kada mu ce za mu daure. Kada kuma mu tashi mu nufi makewayi, domin a hanya za mu faɗi, mu fasa kai. In muna tsaye, mu zauna ko mu tsuguna nan take. In muna zaune, mu sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Mu gaya wa na kusa da mu. Bisa kowace kujera ko a hannunta akwai maɓallin kiran ma'aikata. Mu danna shi. Ba abin kunya ba ne, don haka aka yi shi.

7. In na kusa da mu ya suma

A nan ne ƙauna ba tare da sani ba ta kan yi ɓarna. Abin da muka saba a gida shi ne, a tallabe mutum a zaunar da shi, a ɗura masa ruwa a baki, jama'a su taru a kansa, mata su sa kuka. Duk wannan kuskure ne. Wanda aka zaunar, an mayar da ƙwaƙwalwarsa kan tudu, jini ba zai isa ba. Wanda aka ɗura wa ruwa bai farfaɗo ba, ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Ga abin da ya kamata.

(1) Mu kira ma'aikatan jirgi nan da nan. An koya musu taimakon gaggawa. Suna da tukunyar oksijin da akwatin magani. Su kan kuma yi cigiya ko akwai likita ko nas a cikin fasinjoji.

(2) A kwantar da shi rigingine, a kan kujeru ko a ƙasa, inda ma'aikata suka nuna.

(3) A ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, a ɗora su kan jaka.

(4) A sassauta masa abin da ya matse shi, a wuya ko a ƙugu. In mace ce, mata su yi wannan, su suturta ta.

(5) Jama'a su ja baya, a ba shi iska. Kowa ya zauna a kujerarsa.

(6) Kada a sa masa kome a baki, ko ruwa, ko rubutu, ko cokali, sai ya farfaɗo sarai yana magana.

(7) In yana amai, a juya shi ya kwanta ta gefe.

(8) In ya farfaɗo, kada ya yi garajen tashi. Ya ƙara kwanciya kamar minti 15, sa'an nan ya zauna, ya sha ruwa kaɗan kaɗan, ya ci wani abu mai zaƙi.

Addu'a ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Baki yana addu'a, hannu yana aiki.

Akwai alamun da ke nuna abin ya wuce suma. In ya wuce minti 2 bai farfaɗo ba. In ba ya numfashi. In yana kukan ciwon ƙirji, ko numfashi yana yi masa wuya. In bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta harɗe, ko ɓarin jikinsa ya ƙi motsi. In mun ga ɗaya daga cikinsu, mu gaya wa ma'aikata da babbar murya. In abin ya tsananta, matuƙi yana iya sauka a wani gari don a kai mutum asibiti. Wanda ya suma a jirgi, ko ya ji garau, ya je wurin likitocin alhazai in an sauka, su duba shi.

8. Shiri tun daga gida

Rigakafi ya fi magani. Da mun biya kuɗin kujera, mu je babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, ko wanda ya fi kusa da mu. A auna mana hawan jini, da sukari, da yawan jini. Mu gaya wa likita gaskiya duka, har da in mun taɓa suma.

Daren tafiya mu sallami baƙi da wuri, mu yi barci. Kafin shiga jirgi mu ci abinci marar nauyi. A cikin jirgi mu sha ruwa kamar kofi guda kowace awa. Mu riƙe dabino ko biskit a aljihu. Muna zaune mu riƙa motsa ƙafa kamar mai taka keken ɗinki. In an kashe fitilar ɗaura bel, mu ɗan taka mu komo. In za mu tashi, mu motsa ƙafa tukuna, mu kama kujera, mu miƙe sannu. Maganinmu ya zauna a jakar hannu, kada ya tafi cikin babban kaya. Mu tuna kuma agogon Makka yana gaba da namu da awa 2, sai mu tambayi likita yadda za mu daidaita lokacin shan magani.

Saura abu guda, wanda ya shafe mu 'yan aji. Wanda ya suma ba ya iya magana. Amma takarda tana iya yi masa magana. Kowane matafiyi ya rubuta sunansa, da garinsu, da ciwon da ya ke da shi, da sunan maganin da ya ke sha, ya sa a aljihu tare da fasfo. Sunan magani a kwafe shi baƙi da baƙi daga jikin kwalinsa, domin likitan kowace ƙasa ya iya ganewa. In akwai tsoho ko tsohuwa a unguwarmu da za su tafi bana, ba su iya rubutu ba, mu rubuta musu. Mu kuma karanta musu wannan darasi. Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya komo da su lafiya, amin.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa ga ƙwaƙwalwa sa'ad da mutum ya suma?
2. Don me a ke kwantar da wanda ya suma, a ɗaga ƙafafunsa?
3. Faɗi dalili 3 da ke sa maniyyata ƙin shan ruwa. Me za ka gaya musu?
4. Don me ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki?
5. Waɗanne alamu ke nuna abin ya wuce suma?

Rubutu

Kowa ya ɗauki takarda ya rubuta waɗannan, ya cika su: Sunana. Garinmu. Ciwon da ni ke da shi. Maganin da ni ke sha.

Lissafi

1. Jirgi ya tashi daga Sakkwato da ƙarfe 10 na safe. Ya yi awa 5 a sama. Agogon Jidda yana gaba da namu da awa 2. Ƙarfe nawa ne a Jidda sa'ad da ya sauka?
2. Alhaji yana shan kofi 1 na ruwa kowace awa. Ya yi awa 3 yana jira, ya yi awa 5 a jirgi. Kofi nawa ya sha?